Mai Rediyon Tenhya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, saura kwana shida a ɗauki azumi, aka kashe mini miji a gindin sandar rediyo, nan Tenhya, da rana tsaka. Ibrahim, kai da ke rubutawa, ka ce shekarar 1988 ce, to sa haka. Ni Mairama ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, baki gare ni. Ka rubuta yadda na faɗa, kar ka gyara.

Maigida, da kai nake.

Shekara bakwai kana riƙe da rediyon aika saƙo na ofishin kiwo, tun tsohon sojan da ya koya maka yana da rai. Ba a ɗauke ka aiki ba, kira kawai ake. In ta yi shiru a turo, ka ajiye tuwo ka tafi. Kakan kara kunne jikinta ka ce ga inda ke ciwo, kamar ungozoma. Ranar da na kwana biyu ina naƙuda, da wannan rediyon ka kira mota daga Tanut, da ni da yarinyar nan da ke bayana muka rayu. Rediyon makiyaya kuwa nawa ka gyara, su ba ka nono ka ce ya isa?

Da aka ce za a ɗauki ma'aikaci na sosai, ka wanke rigarka ka tafi Damagaram. Ka dawo ba ka ci abinci ba. Ka ce mini wata na'ura ce mai allo suka kawo, ordinatar, a cikinta ake sa sunan masu nema. Tana da gurbin dipulom, takardar shaidar karatu, ba ta da gurbin shekara bakwai. Sai aka turo Ibrahim daga Yamai da takardarsa ta karatun wata tara. Na ƙi gaishe shi. Kai ka ce mini ba shi ya ƙera na'urar ba, in kai masa fura. Kullum bayan la'asar kana nuna masa abin da littafinsa bai faɗa ba, shi kuma yana koya maka baƙaƙen nasara, wai ka je jarrabawa baɗi.

Ibrahim, bar kuka, za ka ɓata takardar.

Ran nan zangon makiyaya biyu suka kaure a bakin fanfo, kan wa zai fara shayarwa. Ina can da tuluna. Na ga sanda ta fasa kai. Na ga takobi ya buɗe cikin wani dattijo, Aghali, yana tare hanjinsa da rawaninsa. Shanu suka tattake mata. Ibrahim ya ruga ga rediyo, ta ƙi magana. Ya buɗe littafi, bai gano ciwon ba. Kai ka leƙa sama kawai, ka ce iska ta tsinke wayar antan da ke kan sanda. Ka cire takalmi ka hau.

Wani ya yi ihu wai jandarma kake kira musu. Suka juyo. Duwatsu suka fara tashi, ɗaya ya same ka a baki, na ga jini na bin sandar yana sauka, ba ka saki wayar ba sai da ka ɗaure ta. Dutse na biyu ne ya faɗo da kai. Ba faɗuwar ta kashe ka ba, maigida, na ga ka yunƙura. Mutum uku suka tsaya kanka da sanduna. Na ji ƙarar ƙashi. Na kira ka, amma ko a nan ban iya faɗin sunanka ba, "wayyo shi, wayyo shi" kawai nake.

Rediyo ta yi magana. Mota ta zo. Aghali yana gidan likita da ransa.

Yanzu shugaban ofis ya rubuta wai wani mutum da ba a san shi ba ya hau sanda ba izini, ya faɗo. Tunda ba ka da takarda, wai ba ka taɓa aiki nan ba. Mutanen uku kuma har yau suna shayarwa a fanfon, sun san na gan su. Jiya ɗaya ya tsaya bakin dangarmu yana kallon yarinya. Ko akuya ta taɓa ƙyaure sai in zabura in rungumi yarinya. Inna ta ce in yi shiru in gama takaba. Ibrahim ya ce in na dangwala yatsa zai kai wa alƙali takardar nan a Tanut da kansa, ko da za su kore shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinin nan ya zama shahada, Ya sanyaya makwancinka. Baba Mailafiya da ya haife ka, da ƙannenka na Belbeji, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Shekara huɗu da aurenmu, bakina bai taɓa kama sunanka ba, don kunya. Ka yafe mini, yau zan faɗa, tunda sun ce ba a san ka ba.

Ibrahim, rubuta da manya. Jibo. Jibo ɗan Mailafiya, mai rediyon Tenhya.

Miƙo tawadar.