Daddawar Mama da Irun Iya

Tun da na yi wayo a gidanmu na Agege nake jin gardamar daddawa. Gidan haya ne irin mai ɗakuna suna kallon juna, rijiya ɗaya, murhu kusa da murhu. Mu muna ɓangaren dama, Iya tana hagu. Bayarabiya ce mai sayar da tattasai da tumatir a bakin titi, ta ɗan girmi Mama, kuma ita ta yi mata wankan jego lokacin haihuwata, don babu danginmu mata a kusa. Ban taɓa jin sun yi cacar baki a kan ruwa ko shara ko yara ba. Abu ɗaya ne ya raba su. Mama ta ce daddawa daban, iru na Yarabawa daban. Iya ta ce abu guda ne, Hausawa ne kawai suka daka nasu suka shanya har ya yi baƙi kamar tayar okada.

Baba ba ya cikin wannan rigima. Haifaffen Legas ne, kakansa soja ne da ya zo zamanin Turawa bai koma ba, shi kuma dillancin shanu yake yi a abatuwa. Duk wanda aka sa masa a miya ci yake. Mama ce baƙuwa, daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Ta iya Yarabanci har tana ciniki da shi a kasuwar Oyingbo, ta koyi tuƙa amala, ta saba da ihun kwandastan motar danfo, amma iru bai taɓa shiga tukunyarta ba. Yayarta, wadda muke kira Inna, ita ke aiko mata da daddawa daga gida ta hannun direbobin motar shanu. Ranar da ƙunshin ya iso, a tsakar gida take kwance shi, ta ɗauki guda ta kai hanci.

"Kin ji kalwa, Iya? 'Ya'yan ɗorawa zalla. Ko ido a rufe na san ta."

"Na ji, Alhaja. Iru ne da ya sha rana."

Haka Iya ke kiranta tun kafin ta je Makka.

Ni ce babba a gidan. Na yi aure a layin baya, ina ɗinki, amma kekena yana barandar gidanmu, don haka kusan kullum ina wurin. Autarmu ce ta yi nisa a boko. Tana jami'a tana karatun ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma a shekararta ta ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Wata rana da yamma ta zauna kusa da Mama tana taya ta tsinke alayyahu, ta ce tana son daddawa kaɗan, za ta duba ƙwayoyin da ke cikinta.

Mama ta ajiye alayyahun.

"Ƙwayoyin cuta? A daddawata?"

"Ba na cuta ba, Mama. Masu amfani ne. Su ne ke ruɓar da kalwar har ta yi ƙamshi. In babu su, dafaffiyar kalwa ce kawai."

"Wato ba Inna ke yin daddawa ba, su ke yi?"

"Inna ce oga, su leburori ne."

Iya tana bakin murhunta, kunnenta yana wajenmu. Ta ce to a haɗa da iru a duba, a huta. Auta ta ce ai dama abin da take so ke nan, ta kwatanta su. Nan take aikin makaranta ya tashi daga aikin makaranta ya koma shari'a.

Mama ta zazzage kwanon daddawa, ta yi ta jujjuyawa tana zaɓen wadda ta fi kyau, kamar mai zaɓen atamfar lefe. Iya ta yi sammako ta tafi Oyingbo ta dawo da sabon iru a naɗe cikin ganye, har da ƙarin ƙulli ɗaya, ta ce a ba malamin Auta ya kai wa matarsa. Daga ranar Auta ta zama 'yar gata. In ta dawo hutun ƙarshen mako, Iya ta tare ta tun daga ƙofa da alale mai zafi. Mama kuwa ba ta ba da cin hanci, tunatarwa take yi. Ta kan ce, ba tare da ta kalli kowa ba, wasu dai sun san wahalar da aka sha kafin a haife su.

Watanni suka yi ta tafiya babu hukunci. Wata Juma'a bayan masallaci muna cin tuwo, Baba ya tambayi Auta abin da ya hana.

"Ba madubin ganin ƙananan halittu gare ku ba? Leƙawa za ki yi ki faɗa musu."

"Na leƙa, Baba. Duk kamar 'yan sanduna suke, na daddawa da na iru, ba ka iya rabewa. Shi ya sa da can masana suna ɗaya suke kiran yawancinsu da shi. Yanzu ne da aka iya karanta ƙwayar gadon da ke cikin kowace halitta aka ga ashe jinsi-jinsi ne, kamanni kawai suke yi."

"Irin gwajin da ake yi in ana rigimar uban yaro?"

"Kusan haka. Ko raƙumin dawa da ake ɗauka iri ɗaya ne, da aka karanta sai aka ga ya fi jinsi ɗaya."

Baba ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce ai wannan ba sai an karanta ba, ko shanu ma haka suke, bunaji daban, bokolo daban, rahaji daban. Auta ta ce a'a, waɗannan a wurin masana jinsi ɗaya ne, tunda suna barbara da juna su haihu, abin da suka haifa shi ma ya haihu.

Baba ya tsaya da loma a hannu.

"Tsaya. Bokolo da ƙahonsa bai kai ɗan yatsana ba, da rahaji mai ƙahon da ba ya shiga ƙofar nan, su gida ɗaya ne. Amma sandunan da babu mai ganinsu, kowa da gidansu?"

"Haka ne, Baba."

"To su sandunan, wa ya halarci ɗaurin aurensu?"

Auta ta fara bayanin cewa su ba sa aure, rabuwa biyu suke yi. Baba ya ɗaga hannu ya ce ya isa, kada a ɓata masa tuwo.

Ranar wata Asabar da rana Auta ta zo da sakamakon. Iya ta bar wa maƙwabciyarta tiren tattasai ta shigo, har da sake ɗaurin ɗankwali. Mama ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Na tsayar da keke.

Auta ta ce leburorin daddawa da na iru dangi ɗaya ne, kuma wanda ya fi yawa a cikin wannan shi ya fi yawa a cikin wancan. Iya ta miƙe ta soma taka rawa. Auta ta ce a dakata, akwai wasu jinsunan da ta samu a daddawa ba ta same su a iru ba, akwai kuma na iru da babu a daddawa. Mama ta ce alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta. Kowace tana yi wa 'yar'uwarta jaje, kowace tana cewa ai ba komai, a yi haƙuri.

Da a nan aka tsaya, da kowa ya kwana da nasara. Amma Mama ta lura Auta tana wasa da bakin mayafinta.

"Akwai saura. Faɗi duka, kada ki rage mata komai don tana ba ki alale."

"Ba nata ba ne, Mama."

"Faɗi dai."

"Da aka karanta, ba na ƙananan halittun kaɗai ya fito ba, har na tsiron da aka yi abin da shi. Irun Iya ɗorawa ce. Taki akwai ɗorawa, amma akwai waken suya da yawa."

Mama ta ce injin gwajin ya yi ƙarya. Auta ta ce ita ma haka ta zata, shi ya sa ta sake ɗibar wata a kwanon ba tare da ta faɗa ba, aka maimaita, aka sami abu ɗaya. Mama ta miƙo mini wayarta ta ce in kira Inna, in buɗe murya kowa ya ji.

Aka gaisa, aka tambayi damina da jikoki, sannan Mama ta ce, "Yaya, wai me kike sa wa a daddawar nan?"

"Kalwa da wake mana."

"Wane wake?"

"Waken suya. Ke kina Ikko ba ki san an sassare ɗorayin bayan gari ba? Kalwa ta yi wuya, kowa haɗawa yake. Tun Auta tana firamare nake haɗa miki."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba. Kowace shekara ke ce kike bugowa kina cewa ta bana ta fi ta bara."

Iya ta yi abin da har yau nake ganin girmanta a kai. Ta miƙe a hankali, ta ce ta bar wani abu a ɗaki, ta shiga ta rufe ƙofa. Sai dai bangon gidan haya ba kauri gare shi ba, duk mun ji dariyarta.

Mama ta yi fushi da daddawa, ta yi fushi da Inna, ta yi fushi da jami'a. Kwanaki tana kaɗa miyar kuka da dunƙule da gishiri kawai. Baba ya ci ya ci, ranar nan ya ce shi dai bai yi wa kowa laifi ba, ba shi ya aiki yarinya karatu a kan miyarsa ba. Auta ta daina zuwa hutun mako, ta ce aiki ya yi mata yawa. Ni ma na ji tausayin Mama. Ba daddawar ce ta dame ta ba. Abin da take riƙe da shi ke nan na gida, ga shi an ce ɗorayin da ta sani tana yarinya ma babu su.

Iya ce ta kawo ƙarshen abin. Ta dawo daga Oyingbo da ƙaramin buhu a ka, ta sauke a ƙofar Mama.

"Alhaja, ga ɗanyar kalwa, babu wake ko ɗaya, na tsince da hannuna. Yi mana irin taku ta gaske mu gani."

Mama ta daɗe tana kallon buhun. Can ta ce ita fa gani kawai ta yi ana yi, ba ta taɓa yi da kanta ba. Ta ce Iya ta fara yin nata, ita za ta gyara mata. Iya ta ce ita ma saye take yi tun tana amarya.

Na yi dariya har na soke yatsana da allura. Shekara da shekaru suna kare martabar abin da babu wadda ta taɓa dafawa.

Da Inna a waya aka yi aikin. Aka wuni ana dafa kalwa, itace yana ƙarewa ana ƙarowa. Aka surfa a turmi, aka wanke, aka sake dafawa, aka zuba a kwando aka lulluɓe da ganye da tsofaffin buhuna, aka tura lungun bayan rijiya. Auta ta dawo gida don ta gani, ta ce a kula kada iska ta shiga, leburori suna son ɗumi. Mama ta ce ba a tambaye ta ba, sannan ta ƙara buhu ɗaya a kai.

Da aka buɗe, warin ya fita har titi. Kalwar ta yi laushi, ta yi yauƙi, Inna ta ce in dai maƙwabta sun fara ƙorafi to ta yi. Suka raba biyu. Iya ta barbaɗa wa nata gishiri ta ƙulle a ganye. Mama ta daka nata, ta mulmula, ta faffaɗa, ta jera a faranti ta ɗora a kan rufin kwano. Amma damina ce, kuma Legas ce. A fitar da faranti a shigo da shi, a fitar a shigo, har wata rana ruwa ya sauko tana kasuwa. Abin da ya rage ya yi furfura, aka zubar.

Washegari na ga Iya ta ajiye ƙulli biyu na irunta a gefen murhun Mama ta wuce abinta. Da rana muka ci tuwo da miyar kuka irin wadda muka daɗe ba mu sha ba. Baba ya tambayi me aka sa. Mama ta ce ɗanyar daddawa ce, ita ta dafa da hannunta, ba ta kai ga shanyawa ba ne kawai. Kowa ya ci gaba da cin tuwonsa.

Auta ta gama karatunta lafiya. Sauran 'yan haya suka haɗu suka roƙi tsofaffin biyu don Allah kada a sake rufe kwando a cikin gida, sai suka mayar da aikin bayan rumfar Iya ta bakin titi, suna yi da rani. Ni ce na fi kowa shan wahalar karon farko, don duk yadin da ke barandar ya kwashi warin. Wata amarya ta zo karɓar ɗinkinta, ta shinshina rigar, ta kalle ni ta ce ko a kicin nake ɗinki. Sai da na wanke mata ita sau da yawa, na turara, kafin ta yarda ta karɓa.