Hannun Injin Kuku

Ranar Laraba, ashirin da tara ga Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya faɗa a kai ya yi daji. Wani ya ɗauki takardun makaranta, wata ta ɗauki tukunya da miyarta a ciki. Ezekiya Kwaji, wanda duk unguwar Wuro Gude ke kira Kuku, hannun injin taliya ya ɗauka. Shi injin a ɗaure yake da noti huɗu a jikin tebur, babu lokacin kwancewa. Hannun kawai ya zare, wani lanƙwasasshen ƙarfe mai mariƙin katako, ya jefa a aljihu. Da shi ya hau duwatsu ya shiga Kamaru, da shi ya zagayo ya sauka Yola. Matarsa Susanna, wadda ta ɗauko gari da bargo, sau ɗaya ta tambaye shi a hanya me zai yi da shi. Ya ce don kada wani ya taɓa masa inji.

A wani ƙauye kusa da Michika aka haife shi, ɗa na biyar a ɗakin uwarsa. Yana da shekara ashirin da biyar ya shiga leburanci a wani kamfanin 'yan Italiya mai aikin hanya. Wata biyu yana ɗaukar tsakuwa, sai aka mayar da shi kicin, saboda shi kaɗai aka gani yana wanke hannu ba tare da an ce ya wanke ba. Shekara shida ya yi a can tare da wani Bature mai faɗa. Ya koyi kwaɓa fulawa da ƙwai, ya koyi miyar tumatir da tafarnuwa da ɗoɗɗoya, ya kuma koyi kalma uku na Italiyanci, biyu daga ciki zagi ne. Da kamfanin zai tashi, kayan Baturen suka yi yawa, sai ya bar masa injin.

Injin yana da lahani. Wata rana cokali ya faɗa cikinsa, haƙori ɗaya ya karye, don haka duk murzawa sai sili ɗaya ya fito da faɗi, ninki biyu na 'yan'uwansa. Kuku bai taɓa neman a gyara ba.

A 1991 ya buɗe shago a Wuro Gude, ya sa aka rubuta allo: ABINCIN ITALIYA. Mutane suka shigo da ɗokinsu, suka tarar da taliya, wadda kakanninsu ma ke murzawa su shanya a igiya. Ya bayyana musu cewa kalmar taliya ɗin kanta Italiya ce aka cinye mata kai. Wasu suka yarda, wasu suka ce a ba su manja da yaji. Shekara huɗu yana hanawa. A ta biyar ya ajiye kwalbar manja a kan benci a waje, inda ba zai riƙa gani ba. Ɗaliban Poli suka san wurin, dillalan shanu suka san shi, shagon ya ciyar da gidansa shekara ashirin da uku.

Da ya dawo a watan Fabrairu na 2015, allon yana nan lafiya lau. Ƙofar ce babu, tukwane babu, tebur kuma yana tsaye da huda huɗu a jikinsa.

A lokacin akwai wata doka a unguwar wadda ba wanda ya kafa ta: ba a tambayar kaya. Idan ka ce wa mutum ko ya ga kujerarka, ka kira shi ɓarawo ke nan. Idan yana cikin tsofaffin da suka kasa gudu suka zauna a gari, to ka ce masa abin da ya fi wannan muni. An yi sanarwa a coci da masallaci cewa duk mai kayan wani ya kawo. Aka sami kujerun roba tara, duka karyayyu. Kuku ya aro injin kasuwa ya gwada, ya ga yana yaga kwaɓi, ya mayar. Daga nan sai ya zauna a ƙarƙashin allonsa yana kallon Susanna tana suyar ƙosai, hannun injin yana aljihunsa.

Shekara ɗaya da rabi yana wannan zama. Wata safiya a damina ta 2016 kaza ta wuce ta gabansa da gudu, da busasshen silin taliya a bakinta. Silin mai faɗi ne. Kuku, mai shekara sittin da ɗoriya, ya bi kazar har lungu biyu, ta haye katanga ta bar shi. Ya dawo yana haki ya ce wa Susanna injin yana cikin unguwar.

"Kazar ce ta faɗa maka?"

"Ita ce."

Gida bakwai ya sani ana murza taliya a Wuro Gude. Ba zai iya shiga ba, huɗu daga ciki an rubuta Ba Shiga a zaurensu. Ba zai iya tambaya ba. Amma ba sai ya ga injin ba, kwano ɗaya na dafaffiyar taliya daga kowane gida ya ishe shi. Abin da ya rasa shi ne dalilin da zai sa gida bakwai su dafa masa.

Dalilin ya zo a farar mota. Bobboi, direban wata ƙungiyar agaji kuma tsohon mai cin taliyar shagon, ya tsaya ya ce suna da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Italiya, ta ga allon tana son ta ci abincin ƙasarsu.

"Babu inji," in ji Kuku. "Amma ka ce mata unguwar nan tsohuwa ce, kuma kowane gida da irin taliyarsa. Ni zan zaga da ita ranar Asabar."

Ya aika Susanna ta gaya wa gidajen cewa mai taliya da kanta ta zo daga ƙasar taliya, za ta ɗanɗana ta kowa. Babu gidan da ya ƙi.

Baturiyar ta zo da hula da gorar ruwa, doguwa siririya, mutane suna ce mata Sista. Kuku ya sa farar rigarsa ta kamfani. Ya gaishe ta da kalmarsa ta uku, "piyano-piyano", wato a hankali. Ta yi dariya ta zuba masa Italiyanci mai yawa. Ya gyaɗa kai, ya ce wa Bobboi ya gaya mata ta koma Turanci, shi Bobboi ya riƙa fassarawa.

Ta ce tana son jin tarihi, ya ba ta. Ya nuna mata tsohuwar rijiya, ya ce babu ruwa. Ya nuna mata tsamiyar da fataken Kamaru ke sauka a ƙarƙashinta, ya ce sun daina. Ta tsaya tana duba wasu ramuka a bangon wani shagon tela, ta tambaya ko ado ne. Ya ce harsashi ne, kuma telan yana Gombe.

A gidan Rachael, matar wani mai gyaran keke napep, aka kawo taliya da wake da manja. Sista ta ci, ta ce da daɗi. Kuku ya sa cokali ya baje nasa kwanon sili-sili, ya duba, ya ture mata gabanta.

"Baba, ba ka ci ba," in ji Rachael.

"Baƙuwa ake yi wa."

A gidan Alhaji Gabdo aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, matan gidan uku kowacce ta aiko da nata kwanon. Kuku ya baje duka ukun. Siraran sili ne, irin na injin kasuwa. Alhaji ya zauna yana lura da cewa baƙuwar ta ci daga kowane kwano daidai, don a cikin gida za a tambaye shi. A gida na huɗu Sista ta kwance bel ɗinta. A na biyar ta tambayi Bobboi ko akwai wani tarihin da ba a ci. Kuku ya ce piyano-piyano.

La'asar ta yi, gida bakwai sun ƙare, babu sili mai faɗi ko ɗaya. Suka juyo zuwa shago, Kuku a gaba.

Daura da shagonsa, a tsallaken lungu, Goggo Adi tana zaune a ƙofar gidanta. Bafulatana ce mai shekara kusan tamanin, tana cikin waɗanda ƙafa ba ta bari sun gudu ba. Kullum safiya Kuku yana gaishe ta, kullum tana amsawa. Bai taɓa sanin tana murza taliya ba.

"Kuku," ta ce. "Ka kai baƙo gidan kowa, ka tsallake nawa. Ni ba mutum ba?"

"Goggo, baƙuwar ta ƙoshi."

"Ita ya ƙoshi. Kai ba ka ci ba."

Ta shiga ciki tana dogara sanda, ta fito da kwano a rufe, da ɗuminsa. Tun hantsi ke nan ta shirya. Kuku ya buɗe. Bai buƙaci cokali ba, silin mai faɗi yana kwance a sama, an shimfiɗa shi shi kaɗai a kan sauran.

Ya daɗe yana kallonsa. Sista ta leƙo, ta ɗauka da yatsu ta ci, ta ce wannan ita ce ta fi kama da ta kakarta.

Goggo ta yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, ba ta kalli kowa ba. Ta ce kwana uku bayan an watse ta ga ana kwashe shagon. Da masu kwasar suka tafi, ta ɗauki wuƙa ta yi yini biyu tana kwance notin. Su tara ne tsofaffi suka rage a lungun, akwai buhun fulawa da aka yar a hanya, shi suka ci har sojoji suka dawo. Wani tsohon makeri a cikinsu ya haɗa mata hannu da fedar keke.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Goggo?"

"Me ya sa ba ka tambaya ba?"

"In tambaye ki, in ce me?"

"To ni in ɗauko shi in tsallaka hanya, mutane su ce me? Su ce ga tsohuwa da ya zauna da 'yan Boko Haram, ga kayan da ya kwasa?"

Lungun bai fi taku goma sha biyu ba. Mutane sun fara taruwa saboda Baturiya, har Alhaji Gabdo ya biyo su yana son jin wace taliya ce ta yi na ɗaya. Duk wanda ya ɗauko injin nan a gaban jama'a, ko Kuku ko Goggo, za a yi wata guda ana maganar.

Kuku ya juya wajen Bobboi ya ɗaga murya. "Ka ce wa Sista, Goggo tana da wani tsohon inji irin na ƙasarsu. Ka ce ta shiga ta ɗauko, ta kawo shagona ta nuna mana yadda kakarta ke yi. Ni ina da tebur."

Bobboi ya kalle shi, ya kalli tsohuwar, ya fassara ba ƙari.

Haka aka yi. Sista ta shiga ta fito rungume da injin, fedar keke tana lilo a gefensa, ta tsallaka lungun mutane suna ba ta hanya. Ta ɗora shi a tebur. Ƙafafunsa huɗu suka zauna a kan huda huɗu. Alhaji Gabdo ya duba wannan, ya ɗaga kai ya duba rufin shagon, ya ce bana ruwa ya yi kyau. Rachael ta ce ƙwarai kuwa.

Kuku ya zare fedar ya miƙa wa Goggo. Ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa, ya zura, ya juya sau ɗaya. Susanna, ba tare da an ce mata komai ba, ta riga ta ɗebo fulawa.

Sista ta murza faifai ɗaya ta ce ba za ta iya ƙara cin komai ba sai jibi. Kafin ta shiga mota Alhaji ya sa aka tambaye ta ko abin da aka rubuta a allon gaskiya ne. Ta ce injin dai na Italiya ne, babu shakka. Manja kuwa ba ta taɓa ganinsa a can ba. Kuku ya ce a rubuta cewa shi ma haka ya faɗa tun 1991.

An sake buɗe shagon ranar Litinin. Ba wanda ya tambayi yaushe Sista za ta dawo ta mayar da injin Goggo, kuma ba a taɓa jin wani a Wuro Gude ya kira shi da wani suna ba sai injin Goggo. Kowace rana kwanon farko yana tsallaka lungu a hannun Kuku, da manja a kai, shi da kansa yake zubawa. Fedar keken tana rataye a ƙusa a zauren tsohuwar. Ta ce a bar ta nan, ba a san abin da zai faru ba. Shi ma Kuku, in ya tashi daga aiki, yana zare hannun ya sa a aljihu.