Kuwahara Tatsuzo da Sunan Gidan Moriwaki

An haifi Kuwahara Tatsuzo a shekarar 1929 a garin Wakamatsu na ƙasar Japan. Mahaifinsa Genkichi ɗan dakon gawayi ne a tashar jiragen ruwa, sunan mahaifiyarsa Tome.

Koyon sana'a

A 1946 ya shiga hannun Moriwaki, mai shimfiɗa wa masana'antu wayoyin lantarki, wanda ba shi da ɗa namiji sai 'ya ɗaya, Sumie. Bisa al'ada, wanda ya aure ta shi zai ajiye sunan ubansa ya amsa na Moriwaki, ya gaji gida da sana'a. Tatsuzo ya sa rai ƙwarai, har aka kawo wani almajirin mai suna Isamu.

A 1954 maigidan ya umarce su kowa ya zaɓo wayar wata masana'antar ƙanƙara. Tatsuzo ya zaɓi mai ɗaukar wuta mai ƙarfin bolt dubu uku, daidai da wutar gari. Isamu ya kawo ta dubu shida, mai kaurin rufi, bisa hujjar cewa wata rana za a ƙara ƙarfin wutar. Maigidan ya ce wanda ke ɗinka wa yaro riga da rara shi ake bar wa gida. Isamu ya auri Sumie, ya zama Moriwaki.

Aure da aiki

Hassada ta kama Tatsuzo, ba ta kuma sake shi ba. A 1956 ya auri Hatsue ya buɗe shagonsa, da ƙa'ida guda: duk abin da Isamu ya zaɓa, haramun ne. Da Isamu ya koma waya mai rufin roba, shi sai ya liƙe wa tsohuwar waya mai rufin takarda mai maiƙo da dalma, duk da nauyinta da ke karya bayan ma'aikata. A 1974 ruwa ya ratsa robar Isamu a ƙarƙashin ƙasa, masana'antu suka kwana biyu ba wuta. Tatsuzo ya raba wa maƙwabta wainar shinkafa, ya ce wai murnar shigowar bazara ce.

Shekarun ƙarshe

A 1983 Isamu, wanda shi ma 'ya ɗaya gare shi, ya zo gidan Tatsuzo ya durƙusa.

"Yaya, gidan maigida ba magaji. Ɗanka Shinji nake roƙa wa 'yata, ya iya zaɓen waya."

"A hannuna ya koya," in ji Tatsuzo.

"Ai shi ya sa na zo."

Tatsuzo ya amince, ya halarci ɗaurin auren, amma bai taɓa abincin ba.

Rasuwa

Ya rasu a watan Nuwamban 1998 yana da shekara sittin da tara. An ƙone gawarsa, aka binne tokar a kabarin iyalin Kuwahara. Ya bar matarsa Hatsue da 'ya'ya uku: Kuwahara Noriko, Kuwahara Fumie, da babban ɗansa, Moriwaki Shinji.