An Kira Batunki, Inna, Ba a Amsa Ba

Na Allah muke, kuma wurinSa muka nufa. Da safiyar Talata, uku ga watan Satumba, Allah Ya karɓi ran baiwarSa, tsohuwar matiron, mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata a makarantarmu, wadda garin nan ya sani da Inna Muna-Nan. Ta idar da sallar asuba, ta goge zanenta na fita, ta ce wa surukarta kanta yana ɗan juyawa, bari ta kishingiɗa kafin rana ta ɗaga. Daga nan ba ta tashi ba. Kafin azahar mun raka ta makwancinta.

Tun ranar nake jin mutane suna cewa, "Allah sarki, ai ma'aikaciyar majalisa ce." Har a cikin ɗalibaina akwai masu wannan zaton, don duk lokacin da na kai su majalisar gari kallon zama, a can suke tarar da ita. To bari in gyara wannan tun farko. Inna ba ta taɓa yi wa majalisa aiki ba. Gida take nema, ita da maƙwabtanta, kuma neman ne ya zaunar da ita a benci guda shekara shida, har masu gadi suka riƙa share mata wurin kafin ta iso.

Ga yadda abin ya faro, don wanda bai sani ba. Benen da suke haya a ciki ya tsage, hukuma ta ce a fita kafin ya rufta da mutane. Aka kwashe gidaje arba'in da wani abu aka zuba a tsohon sito na bayan tashar mota, aka yanka musu ɗakuna da katako marar kauri, aka ce na ɗan lokaci ne. Mutanen sito suka haɗu suka shigar da buƙata a majalisa, a gina musu gidaje a filin tsohon kamfanin yankan katako. A ƙa'idar majalisarmu, duk batun da jama'a suka kawo, in an zo kansa akawu yakan tambaya ko masu shi suna nan. Idan ɗaya daga waɗanda suka sa hannu ya amsa, batun yana da rai, ko da ɗage shi za a yi. Idan aka ji shiru, sai a ɗauka masu shi sun janye, a soke shi. Yawancinmu muna zaton batun da aka ɗage yana can a ajiye yana jiran lokacinsa. Ni kaina, da nake koyar da darasin zaman ɗan ƙasa, a benci kusa da Inna na gane cewa kowace Talatar farko ta wata sai an sami mai rai ya miƙe a kansa.

Inna, da farko ai mota guda kuke cikawa. Sai abin ya ja. Mai walda ba zai rufe shago kowane wata don ya ji an ce an ɗage ba, mai koyarwa ba za a ba ta izini kullum ba, direba yana kan hanya. A hankali benci ya yi ta yin fili har ya rage ke kaɗai. Akawu zai karanta, "Batun gidajen mutanen sito. Masu shi suna nan?" Ki dafa ƙarfen da ya raba ku da kansiloli, ki miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ki ce, "Muna nan." Ke ɗaya, amma ba ki taɓa cewa ina nan ba. Daga nan sunan ya bi ki har kasuwa, kuma kika karɓe shi da dariya.

Na san ki tun ina sabon malami, lokacin kina kula da ɗakin kwanan 'yan mata. Ke kika fara kirana Malam Ƙarami, kuma har na yi furfura ba ki sauke ni daga wannan muƙami ba. Yarinyar da zazzaɓi ya kama, a ɗakinki take kwana. Wadda iyayenta ba su zo ziyara ba, ke kike zama da ita a ƙarƙashin bishiya ki tsefe mata kai, don kada ta ga ita kaɗai ce ba ta da baƙo. Haka kika koma sito da wannan halin. Katakon da ya raba ɗakunanku bai kai rufi ba, tarin kowa a kunnen kowa yake. Jaririn wani ya yi kuka, kafin uwar ta gama laluben fitila kin ɗaga murya ta saman katako kina faɗa mata abin da za ta yi.

Shekara shidan nan, abin da kika sha ji a zauren nan ya isa ya kashe zuciyar kowa. An ce sai an kawo rahoton magudanar ruwa. Kafin ya fito, rahoton hanya ya tsufa, aka ce a sake. Kafin a sake shi, na magudana ya tsufa. Aka yi zaɓe, sababbin kansiloli suka ce ba za su sa hannu a abin da ba su gani da idonsu ba, aka kafa kwamiti ya je ya ga fili, kwamitin ya jira motar da za ta kai shi. Kuma masu adawa ba mugaye ba ne, abin da ya fi ba ni ciwo ke nan. Kansilan unguwar gangare yana tsoron in aka shafe filin da siminti, ruwan damina a ɗakunan mutanensa zai sauka, kuma ya taɓa ɗaukar gawar yaro daga kwata. Samarin da ke buga ƙwallo a gefen filin ba su da wani wurin. Kowa ya tashi da hujjarsa, fanka tana juyawa a sama, shugaba ya dubi agogo ya ce a ɗage.

Ban taɓa jin kin zagi ɗayansu ba. Na tuna ranar da kansilan gangare ya yi jawabi mai zafi, muka fito muka yi kiciɓis da shi a matakala. Ya sunkuyar da kai zai wuce, kika ce, "Ɗana, tsaya mana. Yaya mai ɗakin naka?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna."

"Ka gaishe ta. Ni na koya mata gyaran gado, in ka ga yana da kyau ni za ka gode wa."

Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen matakala, sannan ya ce, "Inna, wallahi ba ƙinku nake yi ba."

Kika ce, "Na sani. Ruwa kake tsoro. Mu ma a cikinsa muke kwana, ta sama yake zo mana."

Da wata ya zagayo ya sake tashi ya yi adawa, ke ma kika sake tashi kika amsa, kuka gaisa a matakala.

'Yan ajina ba za su manta da ke ba. Nakan kawo su ne su ga yadda ake mulkin gari, kafin a yi nisa sun fara hamma. Sai ki matso da su ki riƙa raɗa musu: wancan mai tabarau in ya cire shi zai yi dogon jawabi, wannan in ya fara da godiya ga shugaba to ƙi zai yi. Wata yarinya ta taɓa tambayarki, "Inna, ba ki gajiya?" Kika ce, "Ƙafata ta gaji tun bara, 'yar nan. Sa'ar da na yi, baki suke nema." A ranar sun rubuta mini bayanin zaman majalisa da ban taɓa samun irinsa a takardar jarrabawa ba.

Sai maganar labule. Da aka manna taswirar gidajen a allon majalisa, kin sa wani injiniya ya karanta miki faɗin taga, kika je kika ɗinka labule mai ruwan ganye daidai da ita. Aka gyara taswira, tagogi suka ƙanƙance, kika mayar wa tela ya rage. Aka sake gyarawa, kika sake mayarwa. Tela ya ce, "Inna, in aka ƙara gyara ɗaya, hankici zan ba ki." Kin yi ta ba da wannan labari kina dariya. Da na shiga ɗakinki gaisuwa, surukarki ta ciro shi daga ƙasan akwati, a ninke, da sauran alli na tela a gefensa. Ba a taɓa rataya shi ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci mai daɗi tun ranar. Talatar da kika rasu, Talatar farko ce ta wata. Zanen da kika goge, na zuwa majalisa ne. Da labari ya bazu, sito ya tashi gaba ɗaya. Mai walda ya rufe shago, mai koyarwa ta baro aji, ɗanki direba ya juyo da mota daga hanya. Kansilan unguwarmu, wanda shi ne yake tsaya wa batun a zaure, ya baro ƙofar majalisa ya taho ya kama makara. Duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar nan yana wurin, maza a maƙabarta, mata a ɗakinki. Rabon da mutanen sito su taru haka tun ranar da suka shigar da buƙatar. Kuma a daidai wannan lokacin akawu ya zo kan batunku.

Shi da kansa ya ba mu labari da ya zo gaisuwa da yamma. Ya ce bai ji rasuwar ba, shugaba ma bai ji ba. Ya ga wurinki babu kowa, ya ɗauka gwiwa ce ta tsayar da ke a matakala. Ya karanta batun a hankali yadda bai taɓa yi ba, yana satar kallon ƙofa. Ya maimaita tambayar. Ya yi kamar takarda ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauko. Shiru. Shugaba ya ce a bi ƙa'ida, aka soke. Yana faɗa yana murza hularsa a hannu, mu kuma muna zaune a tabarma, babu wanda ya iya ɗaga ido ya dubi ɗan'uwansa. Wa za a ce ya yi laifi? Wa za a ce masa ya bar jana'izarki ya tafi zaman majalisa? Shekara shida kina ɗauke mana wannan aiki, har muka manta aiki ne.

Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma ba zan yi wa kowa alkawari a kansa ba. Akawu ya ce ana iya roƙon a dawo da batun da aka soke a zama na gaba kawai, in wani kansila ya gabatar, wani daga masu shi ya miƙe, kuma mafi yawa suka yarda. In ba a yarda ba, sai a koma farko da sababbin rahotanni, ga kuma wani mai neman filin don gina shaguna da takardarsa tana bayan taku a layi. Ban san yadda za ta kaya ba. Kansilan unguwarmu ma ya ce bai sani ba. Surukarki ce ta ce za ta miƙe, ita da ba ta iya haɗa ido da baƙo. Jiya na ji ta a bayan katako tana gwadawa ƙasa-ƙasa, jikarki tana cewa, "Umma, ƙara ɗagawa, Inna ba haka take yi ba."

Ɗalibaina na da da na yanzu, da duk wanda ya karanta wannan, ba ku da ikon amsawa, don ba ku sa hannu ba. Amma benci na kowa ne. Ku gwada sau ɗaya, Talatar farko ta wata mai kamawa. Ku zo da wuri, ku zauna a bayan matar nan, ku ji tsawon zaman da jikinku, don in ta miƙe ta ce muna nan, ta waiga ta ga mutane.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta da surukarta da jikarta, da 'yan matan da ta raina waɗanda yau iyaye ne a gidajensu, da mutanen sito baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya rufa muku asiri da rufin da ba ya yoyo.

Inna, Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki Ya yalwata shi. Ya sa zaman da kika yi a bencin nan ya yi nauyi a mizaninki. Ya ba ki gida a Aljanna, mai faɗin taga, wanda ba za a ce ki dawo wata mai zuwa ba. Amin.