Daminar da Tsatsa Ta Kama Ƙafafun Motarsa

Har yau ina da ƙorafi a kan dangin maigidana, kuma ba zan ɓoye shi don sun tsufa ba. Ina cikin takaba suka bar motarsa a ƙofar gida tana nutsewa cikin laka, suka hana kowa ya taɓa ta, wai girmama mamaci suke yi. Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu da suka yi mini alheri, amma daminar nan ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni.

Ni 'yar Rogo Ruma ce, aure ya kawo ni Karaye. Maigidana direban motar haya ne a zamanin mulkin soja. Ran kasuwa ya yi Rogo, sauran ranaku ya yi Kano. Motar ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa, ƙofar baya ma sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Amma ƙafafunta, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, waɗanda direbobi ke ce wa rim, duk tashar Karaye babu irinsu. Tun daga nesa ake gane motarsa da ƙyallinsu.

Da farko wani man goge ƙarfe yake sayowa a Kano, cikin ɗan gwangwani. Da kaya suka yi tsada, man ya ɓace a kasuwa, sai ya shiga damuwa kamar an yi masa rashi. Na ce masa, "Malam, wannan abin da kake wa kuka ai kaki ne aka sa masa turare." Babana mai amya ne, na tashi ina ganin yadda ake matse zuma a tafasa saƙar, a tace da tsumma, kakin ya taso ya daskare a saman ruwa. Na aika gida aka kawo mini. Na narkar da shi, na sauke daga wuta, na zuba kananzir kaɗan har ya yi laushi kamar man kaɗe, na juye shi a gwangwanin man.

Daga nan abin ya zama aikin Jumma'armu. Da hantsi sai ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro da su tsakar gida, tunda ni ba na fita. In wanke jar ƙasar da toka da sabulu, mu jingine su a rana su bushe. Shi ke lakato kakin da yatsu yana shafawa, yana bin kowane lungu, ni kuma in bi da tsohuwar rigarsa ina gogewa. In ka watsa ruwa bayan nan, sai ka ga yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza.

"Fasinja ba ya leƙa inji," in ji shi. "Ƙafar mota yake kallo kafin ya shiga."

"To kai taka ƙafar fa? Dubi faso kamar gonar da ba ta ga ruwa ba. Ka bar naman jikinka kana yi wa ƙarfe kwalliya."

"Ai ni na riga na samu fasinjata, ba ta da inda za ta."

"Ka ci gaba da faɗa, wata rana za ka ga na sauka a Rogo."

Sai ya miƙo mini ƙafar yana dariya, in shafa masa ragowar kakin a dunduniya. Yanzu in na tuna, ba na jin akwai lokacin da muka yi hira mai daɗi kamar a kan tayoyin nan. Mutum ne marar yawan magana a ɗaki, amma in hannunsa na aiki bakinsa ba ya rufuwa.

A farkon wata damina ya dawo daga Kano da ciwon ciki. Ya ajiye motar a gindin katangar zaure, daidai inda indararo ke zuba, wurin da bai taɓa ajiye ta ba. Ya ce mini da safe zai gyara mata tsayuwa. Da safen a motar wani aka kai shi asibiti, kuma a motar wani aka dawo mini da shi.

Bayan an share makoki, yayansa ya karɓi makulli, ya sa aka lulluɓe motar da tamfol. Ya ce kayan gado ne, ba mai taɓawa sai ƙaninsu da ke Kudu ya dawo bayan kaka an raba. Ni ina ɗaki da carbina. Duk ruwan da aka yi, ina jin saukarsa daga indararo a kan tamfol ɗin, kuma na san inda yake taruwa. Mutane na shigowa gaisuwa suna ganin hawayena, suna cewa in yi haƙuri. Ban iya gaya musu cewa rabin kukan nan na tayoyi ne ba. Da sun ce na taɓu.

Gwaggonsa, wata tsohuwa da ke taya ni zama, ita na roƙa ta ɗaga tamfol ta duba mini. Ta dawo tana karkaɗe hannu. "'Yar nan, tayoyin sun sace, ƙarfen ya zauna a taɓo. Ya fara ja kamar bakin mai cin goro."

Na aika a kira mini yayansa. Ya zo ya tsaya a bayan asabari, muka gaisa, ya tambayi yara, ya yi mini ya haƙuri. Na ce, "Yaya, alfarma nake nema. A sa wani ya kwance tayoyin nan ya shigo mini da su, in wanke in shafa musu kaki. In an gama a mayar."

"Haba, matar ƙanena. Dukiyar marayu ce fa. In aka kwance, ko ƙusa ɗaya ta ɓace, wa zai amsa a gaban Allah? Ni dai ba da hannuna ba."

"To tsatsar da ke cin su, ita wa ya ba ta izini? Ko ita ma za ta jira na Kudu ya dawo?"

Sai ya ce, "Wallahi ko kallon motar nan ba na iya yi. Ta bayan gari nake zagayawa in zan tafi gona. Ki bar ta yadda ya bar ta."

Ba mugu ba ne, wannan na sani. Shi ya goya maigidana a bayansa suna yara. Amma tausayinsa bai hana ruwa sauka ba.

Lokacin ban san ko alif ba, sai bayan shekaru na shiga ajin yaƙi da jahilci da Islamiyya. Don haka na roƙi matar malamin unguwarmu ta tambayo mini mijinta, ko mai takaba na iya leƙa ƙofar gida. Amsar ta zo a fili: in akwai lalura, da rana, ba ado, ta fita ta dawo ta kwana a ɗakinta, kuma tsare dukiyar maraya daga lalacewa lalura ce. Na sa aka kai wa yayan wannan magana. Ya ce malam ya faɗi na littafi, amma a Karaye ba a taɓa ganin mai takaba a bakin titi ba. Surukata ta shigo da kanta tana kuka. "Ki rufa mana asiri. Za a ce mutuwar ɗana ba ta dame ki ba, kin fita wajen mota. Bakin mutanen garin nan zai bi ki har tsufanki." Gaskiya ta faɗa, ya kuwa bi ni.

Da la'asar ɗin ranar na jawo kwandon da yake ajiye tarkacensa, na ciro gwangwanin kakin. Ban buɗe shi ba tun rasuwarsa. Da na ɗaga murfin sai ga sawun yatsunsa a jikin kakin, yadda ya lakata a Jumma'arsa ta ƙarshe, har da ɗan layin farcensa. Na zauna da gwangwanin a cinyata har aka kira magariba. Ba ni da hotonsa, bai taɓa ɗauka ba sai na lasisi, shi ma yana cikin motar. Sawun nan shi ne abin da ya rage mini na jikinsa, kuma na san in na yi amfani da kakin, ya tafi ke nan. A nan na gane halin da yayansa yake ciki, don ni ma na so in rufe murfin in ce kada kowa ya taɓa.

Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, in mutum ya tafi ya bar abin da yake so, lulluɓe shi ba ƙauna ba ce, tsoron ciwon zuciya ne kawai. Mai son mamaci da gaske ya ɗauki aikin da mamacin ya bari, ko da zai yi yana kuka, ko da gari zai zage shi.

Washegari bayan na yi sallar asuba, gari ya yi haske, na yafa mayafin takabata, na ɗauki bokitin ruwa da toka da gwangwanin. Gwaggo ta riƙe mini hannu a zaure, na zare a hankali. Manoma na wucewa da fartanya a kafaɗa, wasu suka ja suka tsaya, wani ya yi salati. Ban ɗaga kai ba. Na yaye tamfol, na durƙusa a cikin lakar, na yashe taɓon da hannuna, na goge tayar gaba da toka har ƙarfen ya fito. Da ya sha iska, na buɗe gwangwanin, na sa yatsuna daidai inda nasa suka bi, na lakato.