Ranar da Zarton Garba Ya Shaƙe

Masana sun ɓata tawada mai yawa a kan abin da ke rusa dauloli. Wasu sun ce zalunci, wasu sun ce yunwa, wasu sun ce kaɗe-kaɗe. Ni da na fara karatu a aji na ƙarasa shi a gidan yari, ina shaida muku cewa babu abin da ke kayar da babba irin ƙaramin abin da ya lalace aka mayar da shi wurinsa aka rufe. Nawa ƙaramin abin bai kai kofin shayi ba. Sunansa fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji.

A Kende aka haife ni, gidan manoma. Na yi makaranta har na iya Turancin da ke sa dattawa su yi tsit, amma ban iya riƙe aiki ba. Shekarun da aka sauke tutar Turawa ne. Ko'ina gini ake yi, kowane gini kuwa yana son azara da katako. Sai 'yan kwangila suka shigo da zarton inji, mai sarƙa, wanda ke kayar da giginya kafin mai gatari ya gama tofa yawu a hannu. Ubana ya kai ni Bagudo wurin wani tsohon bakanike, Baba Mamman, ya ce masa, "Ga shi nan. Kai ya cika, hannu ba kome."

Baba Mamman ya koya mini yadda ake jin ciwon inji. Sai ya riƙe igiyar tayarwa ya saki zarton ya rataya. Lafiyayye yakan sauka yana tirjewa, kamar akuyar da ake ja kasuwa. Wanda ya zube sululu, numfashinsa ya ƙare. Daga nan a kwance salansa, wato tukunyar hayaƙi, a leƙa ta raminta. Fistin mai lafiya sumul yake. Wanda ya ci wuya za ka ga zane a jikinsa daga sama zuwa ƙasa, kamar kyanwa ta yakushe shi, ringi ya manne a kwarinsa, baƙin hayaƙi ya tsallake ƙasa.

"Sa farce," in ji shi. "In farce ya tsaya cikin zanen, yar da shi. Kak ka tsaya yi mishi addu'a."

Da fulogi na fara cuta. In wanke tsoho da fetur in ce sabo ne. Ba wanda ya mutu, sai na ɗauka ba laifi ba ne, wayo ne. Ranar da Baba Mamman ya kama ni, ya zane ni da bel ɗin injin niƙa har rigata ta manne da bayana. Na bar shagonsa da iliminsa, na bar masa halinsa, na kafa rumfata a bakin kasuwa.

A lokacin, ƙasar da ke bayan iyaka Dahomey ake ce mata, kayan inji kuwa sun fi wuya a can. Wani ɗan fatauci mai jirgin ruwa, Idi, yakan sayi duk sabon ƙarfen da na kawo masa, ba ya tambayar asalinsa. Na zama mai cire sabo in mayar da tsoho. Hujjata ɗaya ce, kuma ta gamsar da ni: inji ba ya kai ƙara.

Sai Garba Dogo ya zo. Mai yankan itace ne, ƙato, mai yawan dariya, Malam Boko yake ce mini. Zartonsa ya mutu, ya aika Kudu, ya jira damina guda kafin sabon fistin ya iso. Ya miƙo mini shi a naɗe cikin takarda mai maiƙo kamar wanda ke miƙa jinjiri. Yana juya baya na jefa shi aljihu, kafin la'asar yana jirgin Idi. Tsohon nasa na goge da sanfefa da toka har zanen ya ɓuya, na ɓamɓaro ringin na mayar, na ɗiga baƙin mai mai kauri cikin silinda don in an rataya shi ya tirje. Na san da sanyi zai yi ruri kamar zaki. Na kuma san in ya ɗau zafi zai shaƙe. Na san wannan kamar yadda na san sunana.

Abin da na manta shi ne al'adar masu zarto a yankinmu. In an yi wa inji babban aiki, bakanike ne ke yin rakiya ranar yankan farko. A gasa masa nama, shi kuma ya saurari aikinsa.

"Gobe da kai za mu daji, Malam Boko," in ji Garba.

Na ce ina da aiki.

"Aiki mi? Ungozoma ba ta tahiya sai jinjiri ya yi kuka."

Da hantsi muna cikin dajin da ke kusa da iyaka, ni da Garba da ƙanensa Hassan, gindin wani tsohon maɗaci da aka ce a yi jirgi da shi. Ja ɗaya, inji ya tashi. Garba ya fasa wa icen baki ta wajen da zai faɗi, ya zagaya baya ya kafa sarƙa. Garin ice yana feshi, Hassan yana yi masa kirari.

Yankan ya kai tsakiya sai na ji shi. Wata 'yar ƙara siririya a ƙarƙashin rurin, kamar ana kaɗa cokali a kwano, kuma duk lokacin da Garba ya danna, muryar injin sai ta nutse. Fistin ne ya fara cin bangon silinda. A dajin nan kaf ni kaɗai na san ma'anarta, don ni aka kawo in saurara.

Garba ya ɗago kai, gumi na zuba. "Lahiya dai, Malam?"

In na ce ya tsaya, nan take za a kwance salansa, Hassan kuwa ya san sabo ya san tsoho. In na yi shiru, mutum yana durƙushe gindin icen da aka yanka rabi. Na ɗora kunyata a sikeli ɗaya, ran Garba a ɗaya. Kunyata ta rinjaya.

Na ce, "Lahiya lau. Ci gaba."

Bai daɗe ba injin ya yi ƙara ɗaya ya ƙame. Icen ya zauna a kan takobin zarton, ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, ya danne. Hassan ya yi ihu a gudu. Garba bai gudu ba, ya tsaya fizgar zartonsa, abin da ya jira damina guda. Iska ta taso. Maɗacin da ba a gama yankawa ba ya murɗe a kan kututture, ya tsage sama da ƙara kamar aradu, gindinsa ya yi harbi da baya. Ya ɗauki Garba a cinya ya maka shi da ƙasa ya hau kansa. Na ji karyewar ƙashin. Har yau in ana fasa rake kusa da ni sai in tashi.

Da hannu da gatari muka tona ƙasa muka zaro shi. Ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, farin ƙashi a waje, jini yana tsartuwa. Wasu Fulani makiyaya suka ɗaure cinyar da rawani, suka ɗauke shi a kan itatuwa suka nufi gari.

Hassan bai bi su ba. Ya jawo zarton daga cikin ganye, ya jefo mini sifana.

"Kwance."

Na kwance. Ga fistin ya narke ta gefe, ga tsohon zane ya dawo, ga sawun sanfefata a gicciye.

"Wanga ne sabon?" Muryarsa a kwance. "Malam mai karatu, karanta min. Wanga ne?"

Ƙotar gatari ta amsa, a bakina, na tofar da haƙora. Ya kama hannuna na dama ya shimfiɗa a kan kututturen, ya sauke masa ƙeyar gatari. Da ya ɗaga zai ƙara, na rarumi sifana da hagu na sauke masa a gefen kai. Ya faɗi, jini na fita ta kunne. Ban duba ko yana numfashi ba. Na yanki daji na nufi Dahomey.

Jandarmomi suka tsince ni jina-jina, ba takarda. Suka yi ta tambayata da Faransanci suna fassarawa da gindin bindiga. Turancina, wanda ke sa dattawan Kende yin tsit, bai hana ko mari ɗaya ba. Da suka gaji suka miƙo ni gida a ɗaure da igiya.

Hassan ya rayu, kunne ɗaya ya mutu. Garba ya rayu, an yanke ƙafar. Alƙali ya sa aka yi mini bulala a bainar jama'a, sannan gidan yari. Na yi shekara da shekaru ina fasa dutse da karkatattun yatsu. A can na koyi salla a kan lokaci, da farko don babu wurin zuwa, daga baya don na gane ina da abin faɗa wa Ubangiji.

Da aka sake ni, gidan Garba na fara zuwa. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, sanda a gefe.

"Malam Boko. Ka tsuhwa."

Na durƙusa na ce gafara na zo nema, na fara bayanin fistin. Ya ɗaga hannu.

"Bar batun ƙarhe. Ɓarawo kowa ya san shi. Ni tambayarka na yi, lahiya? Kac ce lahiya lau."

Ya ci gaba da tufka har na ɗauka ya manta da ni.

"Na yahe ma, don Allah. Amma kak ka zauna. Tabarmag ga ta baƙi ce."

To, samari, ku da kuke koyon sana'a, ku ji daga bakin da ba haƙora. Kada ku raina fulogi, daga nan hanya take farawa. Abin da farce ya tsaya a cikinsa ku yar, ko da mai shi ba zai taɓa leƙawa ba, don ba inji kuke cuta ba, mutumin da zai durƙusa a bayansa ne. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, kuka ji ƙarar ta fara, ku buɗe baki ku ce a tsaya. Kunya ba ta karya ƙashi. Ni na tsere mata na minti kaɗan, na biya da ƙafar wani da kunnen wani da ƙuruciyata.

Na haɗu da Idi daga baya a kasuwar Kamba, na tambaye shi sabon fistin nan. Ya ce bai shiga injin kowa ba a Dahomey, ya yi girma. Matarsa na auna barkono da shi.