Zaren da na ɗaura wa kwanon Inna Ige

Assalamu alaikum. Ni ne dai, ban mutu ba. Masu cewa an kama ni a boda da masu cewa na yi aure a ɓoye, duk na ga saƙonku. Tun bayan babbar sallah ban saka komai a shafin nan ba. Yau kam babu wasa a maganata.

Da tari ya fara. Ɗan kabu-kabu da tari, wa zai damu? Na sha citta da zuma na ci gaba da aiki. Sai zufa, in farka rigata sharkaf. Sai wando ya fara zame mini.

Ranar da na yi kaki a bakin kasuwar albasa na ga jini, na ajiye babur na nufi asibiti.

A asibiti aka ba ni 'yar roba na tofa, aka yi mini hoton ƙirji. Likita ya ce, "Tibi ne, tarin fuka. Ana warkewa. Wata shida za ka yi kana shan magani, ba fashi." Har na fara samun natsuwa, sai ya ce, "Da wa kake kwana ɗaki ɗaya?"



Da Inna Ige nake kwana, kakata, wadda ta haifi babana. Tun rasuwarsa daga ni sai ita. Baffa yana Ƙwanni da kasuwancinsa, Gwaggo Hajo tana aure a Amarawa. Tsufa ya taɓa hankalin Inna, har sunana ta manta. In ka ba ta abinci ka ce ta ci, sai ta kau da kai. Amma in na lallaɓo na sa hannu a kwanonta, sai ta make ni ta ce, "Ɓarawo! Miji da satar tuwon mata!" Ta rungume kwano ta cinye tas don kar in samu. Wasan jika da kaka ne, amma da shi take rayuwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi wani abu ba.

Likita ya ce ba ta kwano ake ɗauka ba, ta numfashi ne. Dole a gwada ta. Ni kuma aka ba ni gado, saboda jikina ya yi laushi sosai.

Maganin kyauta ne, amma mota da hoto da abinci suka cinye wayata, sai da na sayar da ita. Ta wani dattijo maƙwabcin gadona nake ara. Fitsarina ya koma ja, nas-nas suka ce aikin maganin ne. Gaɓoɓina kamar an daka. Duk wannan bai kai tsoron da ke raina ba: ko na shafa mata? Wannan ƙirjin nata ba zai ɗauka ba.

Gwaggo ta zo ta zauna da ita. Kullum in kira.

"Gwaggo, mi ta ci?"

"Ruwa, shi ma da ƙyar."

"Sace mata za ki yi. Sa hannu cikin kwanon."

"Kai, ciwon ya taɓa maka kai? Ni in saci tuwon uwata?"

Da ta ga abin ya yi tsanani ta gwada. Ta kira ni tana kuka. Wai Inna ta dube ta, ta tura mata kwanon gabanta ta ce, "Ci, ɗiyata, kin rame."

Uwa ba ta faɗa da ɗiyarta kan abinci. Da jika take yi.

Na tambayi wata nas ko akwai waɗanda gwamnati ke aikawa gida su duba tsofaffi irin Inna. Ta ce ita dai ba ta san da su ba, iyali ne kawai. Na juya na kalli bango. Ina kwance a nan ana ba ni magani, ita tana can za ta mutu da yunwa, ga abinci a gabanta.

Da aka sallame ni aka ce in sa takunkumi, in tsaya a sarari, kar in shiga ɗakinta tukuna. Daga ƙofa na hango ta kan tabarma. Jama'a, ƙashi ne da zane. Na ce, "Amarya, ango ya dawo." Ta dubi takunkumin ta ce, "Wane na?"

Na koma gindin bango na zauna. A nan idona ya faɗa kan zaren ɗinkin buhu. Na ce Gwaggo ta zuba kunu a 'yar samira, ta ɗaura zaren a hannunta, ta ajiye kusa da Inna, ta miƙo mini bakin zaren.

Na ja a hankali. Samira ta matsa. Inna ba ta motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na makara.

Na sake ja. Sai idonta ya bi kwanon. Sai hannun nan ya sauko, tim.

"Kai! Wanga ɓarawo bai mutu ba?"

Ta sha. Ba duka ba, amma ta sha. Gwaggo tana dariya tana share hawaye da bakin gyale.

Gwajin Inna ya fito lafiya, sun ba ta maganin kariya. Ni ma na gama nawa, ƙirji ya washe. Alhamdulillahi. Na gode wa Gwaggo da mijinta da ya bar ta ta zauna, da likita da nas-nas, da dattijon da na cinye wa kati.

Tari in ya wuce mako biyu, ku je a gwada, kar ku tsaya shan citta. Ku kai na gida ma. In kun fara magani kar ku yanke.

Wanda kuma ke riƙe da tsoho, don Allah kar ya zama kai kaɗai ka san yadda yake ci da yadda yake kwanciya. Ka nuna wa wani tun kana da lafiya. Da na tafi, da ta biyo ni, kuma ba wanda zai san dalili.

Na koya wa 'ya'yan Gwaggo sana'ar. Yanzu duk wanda ya shigo, kwanon Inna yake fara nufa. Jiya ta ce gidan ya cika da ɓarayi, gari za ta bari. Tana faɗa tana suɗe hannu.